Babbaƙu da Farfarun Harshen Tamil

  Jama'a masu sauraro, yau makaranta za mu shiga. Wanda yake gida ya jawo takarda da biro kusa, domin kafin mu rabu sai kowa ya rubuta kalma biyu da irin rubutun da bai taɓa yi ba. Direbobinmu da ke kan hanya kuwa, a bar hannu a kan sitiyari, kunne kaɗai muke buƙata, in an koma gida a rubuta.

Harshen da za mu taɓa yau shi ne Tamil.

Na san wani zai ce, to ai Indiyanci ke nan. A nan gyaran farko yake. Babu wani harshe guda mai suna Indiyanci. Kundin tsarin mulkin Indiya kansa harsuna 22 ya lissafa, ban da tarin waɗanda bai ambata ba. Wanda kunnenmu ya saba da shi tun zamanin silimar Plaza da El Dorado da Marhaba, harshen finafinan su Amitabh Bachchan da Dharmendra, shi ne Hindi, na arewacin ƙasar. A Kano an yi matasan da suka kwashe Hindi daga kallo kawai, har wasunsu suka kai ga koyar da shi a rediyo. Amma ɗauki irin wannan gwani ka sauke shi a kasuwar birnin Madurai, can kudu, sai ya koma baƙo kamar kowa. Hindi dangin Farisanci ne da yawancin harsunan Turai. Tamil kuwa daga zuriyar da masana ke kira Dirabidiya ya fito, shi da Telugu da Kannada da Malayalam. Hausa da Larabci ma, duk da nisan da ke tsakaninsu, suna da kaka ɗaya can baya. Tamil da Hindi ko wannan ba su haɗa ba, maƙwabtaka ce kawai da aron kalmomi.

To me ya haɗa mutumin unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano da wannan harshe? Tsaya a gadar Dangi ko bakin Court Road, ka duba goshin a-daidaita-sahun da ke wucewa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013, su ne ƙafar talakan Kano. Wasu Bajaj ne, wasu TVS. Bajaj daga Pune yake, a yammacin Indiya. TVS na Tamilawa ne: hedikwatarsa tana Chennai, babbar masana'antarsa tana garin Hosur a jihar Tamil Nadu, kuma haruffan nan uku daga sunan T. V. Sundram Iyengar aka ciro su, mutumin da ya fara da motocin haya a Madurai a 1911. In ka gangara Farm Centre wajen masu tura fim a waya, ka ce a sa maka Indiya-Hausa, fassarar Algaita ko ta takwarorinta, da yawan abin da za a zuba maka daga kudu ya fito. Rajinikanth da Vijay da Suriya da Vikram jaruman Tamil ne, kuma cibiyar finafinansu tana unguwar Kodambakkam a Chennai, shi ya sa ake ce mata Kollywood. Prabhas da Allu Arjun na Telugu ne. Yash na Kannada ne. Mu duk mun haɗa su mun ce 'yan Indiya.

Amma ba fim ne ya sa na zaɓi wannan darasi ba. Jinya ce. Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan a kan titin Zariya, a cikin Tarauni, wanda aka kafa a 1988, kuma tun 2002 ya fara dashen ƙoda. Duk da haka akwai larurar da takan sa iyali su haɗa kuɗi, wani har ya sayar da fili, a ɗauki maras lafiya zuwa Indiya. Daga Darmanawa zuwa Unguwa Uku da wuya ka rasa gidan da ya taɓa yin wannan tafiya, ko ya san wanda ya yi. Chennai na cikin manyan biranen da ake dosa. A can aka buɗe asibitin Apollo na farko a 1983, kuma tafiyar 'yan sa'o'i daga nan akwai babban asibitin Vellore, wanda asalinsa ya faro tun 1900. Likitocin suna jin Turanci, wannan ba matsala. Amma likita minti nawa yake yi a bakin gado? Sauran yinin, mai jinya da wa yake hulɗa? Da mai shara, da mai tura keken marasa lafiya, da mai gadin masauki, da mai kanti, da direban keke. Waɗannan Tamil ne a bakinsu. Kuma wa muke turawa jinya? Sau da yawa uwa ce, ko yaya, ko matar maras lafiya, wadda ko Turancin ba ta ji sosai. Baiwar Allah tana ƙasar da ba ta san kowa ba, ɗanta yana kwance, ruwan zafi ma sai ta yi ta nuni da hannu. Saboda ita nake wannan shiri, da kuma ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Chennai da kewaye.

(Gajeren kiɗa)

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna mutum wajen miliyan 69 ne Tamil yake harshensu na gida. Harshen hukuma ne a Siri Lanka da Singafo, akwai makarantunsa a Maleshiya, kuma a nahiyarmu ma akwai jikokin Tamilawan da Turawan Ingila suka kwaso aikin rake zuwa Durban daga 1860. Tsohon harshe ne ƙwarai. A kogunan duwatsu kusa da Madurai akwai rubutunsa da aka sassaƙa fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Suna da tsohon littafin nahawu mai suna Tolkappiyam, suna da Tirukkural, littafin hikima mai babi 133, kowane babi baiti 10, jimla 1,330. A 2004 gwamnatin Indiya ta ba Tamil matsayin harshen gado na musamman, shi ne na farko da ya samu. Kuma mutane ne masu kishin harshensu ba da wasa ba. A 1965, da aka so mayar da Hindi harshen hukuma shi kaɗai, kudu ta ɗauki zafi har aka rasa rayuka. A 1969 jihar Madras ta koma Tamil Nadu, wato ƙasar Tamil, a 1996 kuma birnin Madras ya koma Chennai. Saboda haka in ka sauka can, kada ka gaggauta nuna ɗan Hindin da ka tsinta a fim. Kalma ɗaya ta Tamil ta fi buɗe maka fuskar mutum.

Yanzu ga abin da yake tsorata mutane. Kowane littafin koyo zai gaya maka haruffan Tamil 247 ne. Mutum ya ji haka sai ya rufe littafin. Kada ka rufe. Bari mu warware lissafin.

Wasula 12 ne. Ku saurara da kyau: a, aa, i, ii, u, uu, e, ee, ai, o, oo, au. Malaman Hausa da ke saurarona na san sun riga sun gyara zama. Gajerun wasula biyar, dogaye biyar, sai tagwaye biyu, ai da au. Wasulan Hausa ke nan cif-cif, ba ragi ba ƙari. Ba wai harsunan biyu 'yan'uwa ne ba, dacewa ce aka yi, amma dacewa ce mai amfani gare mu. Bature yakan sha wahala kafin kunnensa ya raba gajeren wasali da dogo. Kai kuwa tun kana goye kake raba gari, wanda ake zama a cikinsa, da gaari, wanda ake tuƙa tuwo da shi. Bambancin kawai, bokonmu ba ya nuna wannan tsawo a rubuce, gari ɗaya muke rubutawa mu bar mai karatu ya gane da kansa. Tamil ba ya barin haka. Pal haƙori ne, paal madara. Kal dutse ne, kaal ƙafa. Kowanne da rubutunsa.

Baƙaƙe 18 ne. Tamilawa suna kiran wasali uyir, wato rai, baƙi kuma mey, wato jiki. In rai ya shiga jiki sai a sami gaɓa: ka, kaa, ki, kii, ku, kuu, har zuwa kau. Baƙi 18 sau wasali 12, ya ba da 216. Haɗa da 12 da 18, ka ƙara wani harafi guda mai ɗigo uku da ake kira aaydam, ga 247 ɗinka. Ashe abin da za ka haddace bai wuce siffa 31 ba, sai alamomin wasula.

Duk wanda ya zauna gaban alaramma da allo a cinya ya san wannan hanya. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ka san baƙin tsiraransa, sannan a ɗora masa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a. Haka yaran Tamil suke rera nasu a aji. Wuri ɗaya ne aka saɓa. A Tamil, baƙi in yana tsaye shi kaɗai, ya riga ya ɗauki wasalin a a cikinsa. In kana so ka kashe wannan a, sai ka ɗora masa ɗigo a ka. Sunan ɗigon pulli, kuma aikin ɗauri yake yi, wato sukun.

To, a ɗauki biro. Daga hagu zuwa dama ake rubutawa, kamar boko.

Ja layi a tsaye daga sama zuwa ƙasa. Daga gindinsa ja wani a kwance zuwa dama, irin L babba ta boko, amma na kwancen ya ɗan fi tsawo. Ka rubuta ta. Ba ta ɗinmu ta tasa ba, wannan sai an naɗe kan harshe baya ake faɗinta.

Sake yin irinta a gefe, amma a ƙarshen layin kwancen ka tayar da wani layi sama, daidai tsayin na farko. Gefe uku ke nan, sama a buɗe. Wannan pa ce.

Na uku, fara kamar za ka yi pa. In ka tayar da layin dama, kada ka bar shi a miƙe: lanƙwaso shi ta hagu, ka sauko da shi ya dira a tsakiyar layin kwance. Ma ke nan.

Yanzu jera su a sabon layi: pa, ta, ma. Ɗora ɗigo a kan ma ta ƙarshe, a kashe wasalinta. Abin da ke gabanka shi ne padam, ma'anarsa hoto, kuma ita ce kalmar da suke kiran fim da ita. Sake rubuta ta a ƙasa, amma tsakanin pa da ta ka saka wata alama: layi biyu a tsaye kusa da juna, da layi ɗaya a kwance a kansu. Suna kiran alamar kaal, ƙafa, kuma aikinta ta ja wasalin a ya yi tsawo. Kalmar ta koma paadam, wato darasi. Ga kalma biyun da na yi muku alkawari.

Mai lura zai ce, Malam, ta muka rubuta, me ya sa ka karanta da? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce sirrin ƙarancin baƙaƙen Tamil. Ba su ware wa ga da da da ba haruffa na daban ba. Harafi ɗaya ne yake ka a farkon kalma, in ya biyo bayan sautin hanci ya zama ga, in ya faɗa tsakanin wasula biyu ya yi laushi har ya doshi ha. Haka pa da ba, haka ta da da. Mazaunin harafi shi ke nuna yadda za a faɗe shi. Shi ya sa in ma'aikaciyar asibiti za ta rubuta sunan Garba da Tamil, da ka za ta fara, ba ɗin kuma da pa za ta rubuta shi. Sunaye irin su Hajara da Jamilu da Shehu kuwa, akwai 'yan haruffan aro daga wani tsohon rubutu mai suna Granta, da su ake rubuta ha da ja da sha.

Inda sabon shiga yake tuntuɓe shi ne mazaunin alamomin wasula. Alamar aa tana bin bayan baƙi, kun gani. Ta i ƙugiya ce da ke saƙale a kansa ta dama. Amma ta e da ee da ai a gaban baƙin ake rubuta su, ta hagu, ko da yake a bayansa ake furta su. Ta o da oo kuwa kashi biyu ce, rabi a hagu rabi a dama, baƙin yana tsakiya. Ta u da uu ita ce mai taurin kai, domin takan sauya wa baƙin kama, kowanne da irin tasa. Wannan babu dabara, sai hadda da yawan rubutu.

In kun ga rubutun Tamil a jikin kwali ko a farkon fim, za ku lura yawancin haruffan a lanƙwashe suke. Masana da dama suna danganta haka da abin da aka daɗe ana rubutu a kai: busasshen ganyen wata bishiya, 'yar'uwar giginyarmu ta jini, wadda suke kira panai. Da tsinken ƙarfe ake zana haruffa a jikin ganyen, sannan a shafa baƙin fitila ya shiga cikin zanen. Dogon layi a miƙe yakan tsaga ganye, ɗigo kuma yakan huda shi, shi ya sa tsofaffin marubuta sukan bar pulli ba su sa ba. Da yawan waɗannan littattafai da sun salwanta, ba don wani malami mai suna U. V. Swaminatha Iyer ba, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1942, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gidaje da wuraren ibada yana tattara ganyayen yana buga su. Duk lokacin da na tuna da shi sai hankalina ya koma kan takardun ajamin da ke cikin adakokin gidajen malamanmu a cikin birni, gara tana ci, jikoki ba su iya karantawa ba. Muna buƙatar irinsa, kuma ba mutum ɗaya ba.

Tunda an ambaci ajami, Tamilawa ma suna da nasu. Musulmi kusan kashi 6 cikin 100 ne na mutanen Tamil Nadu, sama da mutum miliyan 4, kuma Musulunci ya iso musu ta teku, ta hannun fataken Larabawa. A garuruwan gaɓa irin su Kayalpatnam da Kilakarai, da kuma Siri Lanka, sun ɗauki haruffan Larabci suka ƙara musu ɗige-ɗige don sautukan da Larabci ba shi da su, suka rubuta fiƙihu da wa'azi da wasiƙu da harshensu. Sunan rubutun Arwi. Abin da kakanninmu suka yi da Hausa da Fulatanci ke nan. Akwai Ƙadiriyya a cikinsu, kuma babban shehinsu Sadaƙatullahi Appa yana kwance a Kilakarai. A wajejen ƙarshen ƙarni na 17, kimanin shekara ɗari kafin jihadin Shehu Usmanu, wani mawaƙi mai suna Umaru Pulavar ya tsara tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, a waƙe da Tamil, baiti sama da 5,000, littafin da ake kira Sirappuranam. A. P. J. Abdul Kalam, shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007, Musulmin Tamil ne daga Rameswaram. Don haka in ka isa Chennai, sallama tana aiki. Masallaci palliwaasal ne, salla tozhugai, azumi noonbu. Ka ce palliwaasal engee, ina masallaci yake, za a nuna maka. Akwai babba a unguwar Triplicane, masallacin Wallajah, tun 1795. In azumi ya riske ka a can, masallatai suna raba wani kunun shinkafa da ake kira noonbu kanji a lokacin buɗa baki.

(Gajeren kiɗa)

Sai batun furuci, kuma a nan zan gaya muku inda Bahaushe yake da riba da inda yake da aiki. Tamil ba shi da karin sauti irin namu, babu hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana, wannan nauyi ya sauka. Suna da ra iri biyu, mu ma muna da biyu, ta ruwa da ta carbi. Hasali ma da ɗin cikin padam, in Batamile yana sauri, tana kusa da ra ɗinmu ta ruwa. Aikinmu yana wajen pa. Bakinmu ya saba mayar da ita fa, to a nan sai an haɗe leɓe sosai an sake su da ƙarfi: padam, ba fadam ba. Wadda ake rubutawa v a boko kuma, kada ka ce ba. Tasu tana tsakanin v da wa, in ka ce wa ka fi kusa. Shi ya sa zan riƙa cewa wanakkam, gaisuwarsu ta kowane lokaci.

Sai sauti guda da suke alfahari da shi, wanda ake rubutawa zh. Shi ne a ƙarshen sunan harshen kansa, domin su Tamizh suke cewa. Naɗe kan harshenka baya ya doshi ganɗa, amma kada ya taɓa, sannan ka saki murya. Wani abu ne tsakanin ra da la. Waal wutsiya ce, da la irin tamu. In ka naɗe harshe ya taɓa ganɗa, kalmar ta koma takobi. In ka naɗe bai taɓa ba, waazh, ta zama a rayu. Mai jinya ya riƙe waɗannan biyu: wali ciwo ne, wazhi hanya. In ta gagare ka kada ka damu, a wasu yankunansu ma la mai naɗin harshe suke yi a madadinta.

Yanzu kalmomin da za su yi maka rana. Fara da ladabi, domin a nan ma ɗabi'armu ɗaya. Yadda ba ka ce wa dattijo kai, sai ku, haka su ma: nii na yaro ne ko aboki, niinga na girmamawa. Kuma wannan nga ɗin ita ce mabuɗi, ka liƙa ta a ƙarshen umarni ya zama roƙo. Waa, zo, waanga, ku zo. Ukkaaru, zauna, ukkaarunga, ku zauna. Baƙo ya riƙe mai nga a kowane hali.

Ba sa kiran babba da gatsal, da sunan zumunta suke kira. Ammaa uwa, appaa uba. Annaa wa, akkaa ya, tambi ƙane, tangacci ƙanwa. Direba ko mai kanti, ce masa annaa. Matar da ke gyara ɗakin maras lafiya, ce mata akkaa, in ta manyanta ka ce ammaa, ka ga yadda fuskarta za ta sake. Maamaa kawu ne, attai gwaggo, kuma 'ya'yan waɗannan biyu su ne abokan wasa da ake iya aure, kamar taubasai a wurinmu. 'Ya'yan wan uba ko ƙanensa kuwa, a al'adar yawancinsu, 'yan'uwa ne na ciki ɗaya, babu aure.

A ɗakin jinya: tanni ruwa, sudu tanni ruwan zafi, saappaadu abinci, marundu magani, kaaycal zazzaɓi. Talai kai ne, talai wali ciwon kai. Wayiru ciki. Asibiti a bakin mutanen gari aaspattiri ne, ku ji yadda ya yi kama da namu, domin tushen aron ɗaya ne. Weenum, ana so. Weendaam, ba a so. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, don haka enakku sudu tanni weenum, kalma bayan kalma, shi ne gare ni, ruwan zafi, ana so. Aamaa, i. Illai, a'a ko babu. Nandri, na gode. Enakku Tamizh teriyaadu, ban iya Tamil ba.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Waɗannan kalmomi na zaman yau da kullum ne. Ranar da za a yi bayanin tiyata, ko a miƙo takardar sa hannu, ko a faɗi yadda za a sha magani, kada kowa ya dogara da 'yan kalmomin da ya ji a rediyo. A nemi tafinta, a sa ya maimaita har sai an fahimta, kuma kada kunya ta hana tambaya. Rai ba a yi masa kame-kame.

In ka fito titi, ga a-daidaita-sahu nan rawaya kamar na gida, su aattoo suke ce masa. Ewwalawu, nawa ne. A bakin 'yan gari ewlo. Romba adigam, ya yi yawa. Konjam kammi pannunga, a ɗan rage. Neeraa poonga, a miƙe. Ingee niruttunga, a tsaya nan. Ƙirga kuwa: onnu, rendu, muunu, naalu, anju, aaru, eezhu, ettu, ombadu, pattu.

Wanda ya buɗe littafi zai tarar an rubuta ondru, irandu, muundru, naangu, aindu, ya ce ko na yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Tamil hawa biyu ne: na rubutu da labarai da jawabi, da kuma na baki. Wanda ya yi Larabcin littafi ya sauka a kasuwar Alƙahira ya san wannan tazara. Manhajar fassara ta Google tana da Hausa tana da Tamil, amma na littafi takan ba ka. Za a gane ka, sai dai amsar da za a mayar maka da na baki za ta zo. Don haka ido ya koyi na littafi, kunne ya koyi na titi. Don haruffa, akwai darussan Tamil Virtual Academy a intanet, cibiya ce ta gwamnatin Tamil Nadu, kuma kowace wayar zamani tana karɓar allon rubutun Tamil. Don kunne kuma, in ka je wajen mai tura fim, ka ce ya haɗa maka kwafi biyu na fim ɗin da ka riga ka sani, mai fassarar Hausa da na asali wanda ba a taɓa muryarsa ba. Ka tabbatar na Tamil ne, domin da yawa an juya su zuwa Hindi. Ka san labarin, saura ka kasa kunne ka ji sau nawa za a ce tambi, sau nawa za a ce waanga.

Lokaci ya cim mana, ga aikin gida. Da haruffa ukun nan da ƙafa da ɗigo, a rubuto kalma uku. Ta farko maamaa, kawu: ma da ƙafa, sau biyu. Ta biyu paappaa, jariri. Ta uku pattam, wato digirin da ɗalibanmu suka tafi nema. A kula, Tamil ba shi da shadda. In baƙi ya ninku, sau biyu ake rubuta shi, na farkon da ɗigo a ka, kuma ninkin yana hana shi laushi, shi ya sa ta ɗin pattam ba ta koma da ba. Iyaye a sa yara su gwada, hannunsu ya fi namu saurin kamawa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasalin a da na i, mu rubuta ammaa da appaa. Waɗanda ke kwance a asibiti, a nan gida da can Indiya, Allah ya ba su lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.